Muhawara: Da wane suna za mu kira abin da ake yi a kan katifar kokawa?

Ɗalibin Kokawa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata takwas ke nan da na fara koyon kokawa irin wadda ake yi a gasar Olamfik, kuma har yanzu kalmomin da ake amfani da su a filin atisaye suna rikita ni fiye da yadda dabarun kansu suke yi. Alƙali yana faɗin abu da Faransanci, koci yana faɗin wani da Turanci, 'yan wasa kuma suna da nasu zancen da ba a rubuta shi a littafin doka ba. Ina so in tattara waɗannan kalmomi da Hausa saboda ƙannenmu masu tasowa, amma tun a sunan wasan na cije. Na ga ana cewa kokawar 'yan dagaji, sai dai zuciyata ba ta kwanta da wannan suna ba. Ina neman shawararku.

Malamin Harshe:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Da gaskiyarka da ka tsaya a kan wannan kalma. Idan Bahaushe ya ji an ce ɗan dagaji, abin da yake fahimta shi ne wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, alhali kalmar "amateur" da Turawa suka sa wa wasan tana nufin wanda ba biyansa ake yi don ya yi wasan ba. An riƙe ta ne domin a bambanta kokawar gasa ta gaskiya da resilin ɗin talabijin, inda ake tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandali. Mutumin da ya ci lambar zinare sau uku a Olamfik ba zai yiwu a kira shi ɗan dagaji ba, kuma a yau manyan 'yan kokawa suna samun albashi da kyaututtuka daga ƙasashensu. Ita kanta hukumar kokawa ta duniya ta daɗe da cire wannan kalma daga sunanta. A da ana kiranta FILA, harufan sunanta na Faransanci, sannan a 2014 ta koma UWW, shekara ɗaya bayan da wasan ya kusa rasa gurbinsa a Olamfik aka dawo da shi a watan Satumban 2013. A ganina ka rubuta "kokawar gasa", ko "kokawar Olamfik" idan kana nufin salon nan biyu, wato Girko-Roman, inda ba a kama ƙafa, da firistayil, inda aka yarda a kama ta.

Tsohon Alƙali:
Malam ya yi bayani mai kyau, kuma na yarda da "kokawar gasa". Amma ɗana, kafin ka yi nisa ina so ka raba kalmominka gida biyu, domin akwai waɗanda ba naka ba ne balle ka fassara su. Duk kalmar da take fitowa daga bakin alƙali a tsakiyar wasa umarni ce, kuma dole ɗan wasa ya san ta da sautinta na asali, saboda ranar da zai fita gasa ta ƙasa da ƙasa alƙalin yana iya zama mutumin Turkiyya, abokin karawarsa mutumin Japan, ba wanda zai tsaya yi masa tafinta.

Dalilin da ya sa Faransanci ya yi yawa a bakinmu shi ne a Faransa salon Girko-Roman ya tsaya da ƙafarsa a ƙarni na 19, sunan Girka da Rum kuwa an liƙa masa ne don a danganta shi da mutanen da. Shi ya sa muke cewa "far ter", wato a ƙasa, idan za a ci gaba da wasa ɗaya yana kwance ɗaya yana samansa. Muna cewa "fasif" ga wanda yake noƙewa ba ya kai hari. A Girko-Roman, inda aka haramta kama abokin karawa daga ƙugu zuwa ƙasa kuma aka hana amfani da ƙafa wajen kai hari ko kāre kai, tsohuwar kalmar laifin ita ce "jam", wato ƙafa. Har da kalmar Rashanci a cikin jerin da muka haddace lokacin da nake koyon aikin, "dawai", wadda ake faɗa don a zaburar da 'yan wasa su motsa.

Wadda na fi ganin yara suna raina ta ita ce "zon". Da'irar wasa faɗinta mita 9 ne, tsakiyarta mita 7, sai zoben mita 1 mai launin ruwan lemo da ya kewaye ta. Idan alƙali ya ce "zon" ya haɗa da launin rigarka, ja ko shuɗi, yana gaya maka ne cewa ƙafarka ta shiga zoben, ka koma tsakiya. Taku ɗaya ya rage ka fita waje, kuma fita wajen maki 1 ne ga abokin karawarka. Na sha ganin wasan da ya ƙare a kan wannan maki guda. Ka rubuta wa ƙannenka ma'anar kowace kalma da Hausa, amma ka bar kalmar yadda take.

Koci:
Baba Alƙali, Allah ya ƙara girma, ban da ja a kan wannan. Inda ni nake da damuwa shi ne gida na biyu, wato kalmomin da muke koyarwa da su, kuma babbar matsalar tana cikin kalma ɗaya tak: kaye.

Bari in ba ku abin da ya faru a gabana. Na taɓa kai wani yaro gasarsa ta farko, yaro mai ƙarfi da saurin hannu. Cikin daƙiƙa ashirin ya sunkuya ya kama ƙafafun abokin karawarsa biyu, ya kai shi ƙasa, ya zagaya bayansa. Alƙali ya ɗaga yatsu biyu. Ni kuma daga kusurwa na ɗaga murya na ce masa ya yi kaye mai kyau. Yaron nan sai ya sake shi, ya miƙe tsaye, ya fara gyara igiyar rigarsa yana kallona yana murmushi, domin a kunnensa kaye yana nufin an gama. Ɗayan ya tashi ya rungume shi ta baya ya kai shi ƙasa, ya mirgina shi sau biyu, kafin ya farfaɗo an ba shi ratar maki huɗu. Laifin bakina ne, domin kalma ɗaya nake amfani da ita a atisaye ga abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba. Kai mutum ƙasa da mallake bayansa maki 2 ne kawai, wasa yana ci gaba. Abin da yake ƙare wasa nan take shi ne ka manna allunan kafaɗunsa biyu a katifa ka riƙe shi har alƙali ya tabbatar. Tun daga ranar na daina cewa kaye kwata-kwata. Na farko ina kiransa "saukewa", na biyu ina kiransa "mannawa".

Malamin Harshe:
Koci, labarinka ya nuna matsalar sarai, amma ban goyi bayan maganin da ka ba ta ba. Kaye kalma ce mai nauyi wadda kowane mai jin Hausa ya san tana ɗauke da ma'anar nasara, kuma yaronka bai yi kuskuren harshe ba, ya fahimce ta daidai yadda take. Me zai hana mu bar ta ga abin da yake ƙare wasa, wato manna kafaɗu, mu nemo wa ɗayan wani suna? Idan mai sharhi ya ce wane ya ci wasa da kaye, mai sauraro zai gane cewa nasara ce cikakkiya ba ta ƙirgen maki ba, ba tare da an yi masa dogon bayani ba. Idan muka jefar da ita muka ɗauki "mannawa", mun yi asarar kalmar da ta fi kowace ƙarfi a wannan fage, mun ɗauki wadda za a iya faɗa a kan takarda da bango.

Tsohon Alƙali:
Malam, a nan zan saɓa maka, kuma dalilina daga kan katifa na samo shi. Kaye a kunnen mutum yana nuna faɗuwa daga tsaye, abu ne da yake faruwa cikin ƙiftawar ido. Manna kafaɗun da muke kira "tombe" kuwa sau da yawa ba daga tsaye yake zuwa ba. Mutum biyu suna iya shafe rabin minti a ƙasa, na ƙasa ya banƙare ya tokare katifa da kansa da tafin ƙafafunsa don kada kafaɗunsa su taɓa, abin da ake kira gada, na sama kuma yana ta matsa shi kaɗan-kaɗan har gadar ta karye. A lokacin ne alƙali yake durƙusawa ya leƙa, ya ɗaga hannu ya nemi amincewar shugaban katifa, wato babban jami'in da ke kula da wasan, sannan ya bugi katifa da tafinsa ya busa usur. Babu wanda aka kayar a wannan lokacin, tuntuni suna ƙasa.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai jifan da duk wanda ya gani zai rantse kaye ne, amma wasa bai ƙare ba. Idan ka ɗauke mutum daga tsaye ka jefa shi ta yadda bayansa ya fuskanci katifa, maki 4 ne, idan kuma jifan ya yi tsawo ƙwarai ya zana baka a sama, maki 5. Akwai kuma yanayin da muke kira "danje", wato haɗari, lokacin da bayan ɗan wasa ya karkata zuwa katifa har kusurwar da ke tsakaninsu ta gaza digiri 90, wanda yake kawo maki 2 ko da kafaɗa ba ta manne ba. Ka ga kenan faɗuwa hawa-hawa ce a wannan wasa, kalma ɗaya ba za ta ɗauke su duka ba. Wata hanyar ƙare wasa kafin a cika zagaye biyu na minti uku-uku ita ce fifikon maki, rata 10 a firistayil, rata 8 a Girko-Roman. Ita ma nasara ce cikakkiya, amma ba wanda zai ce mata kaye.

Baban Ɗan Kokawa:
Gaisuwa ga manya. Ni ban taɓa hawa katifa ba, amma ɗana yana kokawa a makarantar sakandare a Amurka, kuma shekara uku ina zama a benci ina sauraro. Ina so ɗan'uwa mai tattara kalmomi ya yi hattara da abin da yake ɗaukowa daga bidiyon intanet, domin yawancinsu na salon makarantun Amurka ne, wanda dokarsa daban take da ta Olamfik. A can ana ba na ƙasa maki 1 idan ya kuɓuce ya miƙe, maki 2 idan ya juya ya koma sama. A jami'a har agogo ake sa wa na sama, abin da suke kira lokacin hawa, kamar yadda ake hawan doki, wanda ya fi abokin karawarsa da minti ɗaya yana samun maki 1 a ƙarshe. Tun kakar 2023 saukewa a jami'o'insu ta koma maki 3, fifikon maki kuma rata 15 ne. Saboda haka kalma ɗaya tana iya nufin lissafi biyu, ya danganta da bakin da ta fito.

Zancen 'yan wasan kuwa cike yake da kwatance. Sunkuyawa a kai wa ƙafa hari suna ce mata harbi. Haɗe kan mutum da gwiwarsa a cikin hannuwa a kulle suna ce masa shimfiɗar jariri. Ɗora mutum a kafaɗa a juya shi ana kiransa ɗaukar ɗan kwana-kwana, saboda haka masu kashe gobara suke ɗauko wanda suka ceto. Akwai wata mirginawar kuɓuta da ake kira Granby, sunan wata makarantar sakandare ce a birnin Norfolk na jihar Virginia inda koci Billy Martin ya shahara da koyar da ita. Akwai kuma kalmar da ban so ba ko kaɗan: yaron da bai iya ba, wanda ake mannawa da sauƙi, suna ce masa kifi, wai saboda yadda yake mutsu-mutsu a ƙasa. Na ji an faɗa wa ɗana ita a shekararsa ta farko, kuma na ga yadda ya yi shiru a mota har muka isa gida.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yayana, Allah ya ba yaron haƙuri. Tunda an shigo zancen kalmomin da ba na doka ba, ina roƙon a saka biyu a jerin, a kuma rubuta gaskiyarsu a gefensu, domin sunayensu suna ɓoye haɗarinsu.

Ta farko ita ce abin da suke kira yanke nauyi. Mai jin sunan zai ɗauka rage ƙiba ce ta a-hankali, alhali abin da ake nufi shi ne ɗan wasa ya ƙaurace wa ruwa da abinci, ya yi ta gudu cikin kaya masu kauri don gumi ya fita, ya zubar da kilo da dama cikin kwana biyu ko uku saboda ya shiga ajin da yake so. Ruwan jiki ne yake fita, kuma zuciya da ƙoda ne suke ɗaukar wahalar. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka suka rasu cikin 'yan makonni a kan wannan hanya, abin da ya sa hukumar wasannin jami'o'i ta can ta haramta rigunan roba da ɗakin zafi wajen rage nauyi. A gasar duniya yanzu ana auna 'yan wasa da safiyar kowace ranar da za su yi wasa. Mun ga abin da ya sami Vinesh Phogat ta Indiya a Olamfik ta Paris a 2024: ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, washegari ma'auni ya nuna ta haura da giram 100, aka cire ta daga gasar. Ni da za a ji tawa, da Hausa a rubuta "ƙona ruwan jiki", saboda yaro ya san abin da ake kiransa zuwa gare shi.

Ta biyu ita ce kunnen farin kabeji. Bugu da gogayya suna sa jini ya taru tsakanin guringuntsin kunne da tantanin da yake ciyar da shi, idan ba a zuƙe jinin da wuri aka matse wurin ba, guringuntsin yana lalacewa ya ƙulle ya zama dunƙule har abada. Wasu 'yan wasa suna alfahari da shi a matsayin shaidar daɗewa a fage. Rauni ne da murfin kunne yake hana shi, kuma idan ya yi tsanani yana iya toshe ramin kunne.

Koci:
Hajiya, na karɓi duka biyun, kuma "ƙona ruwan jiki" ta fi abin da muke faɗa gaskiya. Kalmar kifi kuwa ba a faɗinta a ɗakin da nake horarwa, kuma ina ba da shawara kada a nema mata Hausa ma.

Game da sunayen dabaru, abin da na lura da shi shi ne sunan da yake nuna aikin jiki shi yake zama a kan yaro. Idan na ce "harɗe", nan take ya gane a kama idon sawun na ƙasa a saƙala su a mirgina shi. Idan na ce "matse ciki", ya san a zagaye cikin na ƙasa da hannu biyu a kulle a juya da shi ta kan gada, maki 2 kowane juyi, wanda da shi ake gama wasanni da yawa cikin minti ɗaya. Kāriyar da ake yi wa mai harbi, wato ka watsa ƙafafunka baya ka sauke masa nauyin ƙugunka a wuya da kafaɗa, ina kiranta "watsa ƙafa". Amma dabarar da take ɗauke da sunan mutum ko ƙasa ba na taɓa ta. Kamun hannu ɗaya da hannu biyu da ake kira kamun Rasha haka nake barinsa. Haka ma ɗagawar Karelin, wadda Aleksandr Karelin na Rasha yake yi a ajin kilo 130: ya tarar da ƙato kwance rub-da-ciki, ya kulle ƙugunsa ta baibai, ya ɗaga shi sama ya jefa. Ya ci zinaren Olamfik a 1988 da 1992 da 1996, sai a Sidni a 2000 Rulon Gardner na Amurka ya doke shi da maki 1 da nema. Yaron da ya tambayi dalilin sunan ya sami tarihin wasan a kyauta.

Ɗalibin Kokawa:
Na gode ƙwarai, iyayena, littafina ya kusa cika. Saura kalma ɗaya da nake gani a jadawalin gasa ban gane ta ba, "rafashaj". Na kuma kasa fahimtar yadda ake ba mutum biyu lambar tagulla a aji ɗaya.

Tsohon Alƙali:
Tambayoyinka biyu amsarsu ɗaya ce, ɗana. Ana raba 'yan wasa ɓangare biyu, wanda aka ci ya fita, har mutum biyu su kai wasan ƙarshe. To duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya fitar, ana dawo da shi ya sake karawa da sauran waɗanda mutumin nan ya fitar, bisa hujjar cewa mai yiwuwa rashin sa'ar ƙuri'a ce ta haɗa shi da gwani tun da wuri. Wanda ya tsallake wannan zagaye shi yake karawa da wanda aka ci a wasan kusa da na ƙarshe, kuma tunda ɓangarorin biyu ne, tagulla ma biyu ce. Shi ya sa za ka ga ɗan wasa yana zaune yana fatan wanda ya doke shi da safe ya ci gaba da cin nasara.

Ka ƙara "calenj" a jerin kalmomin da ba a fassarawa. Koci ne yake neman a sake duba bidiyo, a da ta hanyar jefa wani ɗan dunƙulen soso cikin katifa, shi ya sa har yanzu wasu suke cewa an jefa bulo. Idan ya yi gaskiya a gyara makin, idan bai yi ba a ba abokin karawa maki 1. Kuma idan ka ji an ce wane ya ci da sharaɗi, ana nufin maki ya zo daidai, sai aka duba wanda ya yi dabara mafi daraja, sannan wanda gargaɗinsa ya fi kaɗan, sannan wanda ya ci makin ƙarshe. Akwai kuma maganar da ba alƙali yake faɗinta ba amma kowa a wasan ya san ta, wato barin takalmi a katifa, alamar ɗan wasa ya yi ritaya. Mijaín López na Kuba ya yi haka a Paris bayan ya ci zinarensa na biyar a jere, daga 2008 zuwa 2024.

Malamin Harshe:
Baba Alƙali, bayaninka ya ba ni kalmar da nake nema. Asalin "rafashaj" a Faransanci daga aikin tsamo abin da ya faɗa ruwa ne, kuma muna da wannan aikatau ɗin daidai-wa-daida. A rubuta "zagayen tsamo". Tunda ba umarnin alƙali ba ne a tsakiyar wasa, ban ga abin da zai hana a fassara ta ba.

A kan kaye kuwa, na ji hujjarka ta gada, kuma na yarda cewa ba za ta dace da mannawar da ta zo bayan doguwar gwagwarmaya a ƙasa ba. Amma har yanzu ina ganin tana da gurbi. Jifan nan na maki 4 da maki 5, wanda ake ɗauke mutum daga tsaye a kai bayansa ƙasa, shi ne ya fi kusa da abin da kalmar take nunawa, sai a ce babban kaye, a koya wa yaro tun ranar farko cewa usur kaɗai yake tsayar da wasa.

Koci:
Malam, "zagayen tsamo" ta shiga bakina tun yanzu. Babban kaye kuwa zan gwada shi a kan manyan ɗalibaina, waɗanda suka riga suka san doka, in ga yadda zai zauna. Sababbin shiga zan ci gaba da ce musu jifa har sai sun yi gasa biyu ko uku. Ɗalibi, ka rubuta duka biyun a shafi ɗaya, ka sa makin kowanne a gabansa.